Maɓalli

A ɗakin baya na kantin zare da ulu, a Duluth,
suka zaunar da ni tsakanin kwalaye
da furannin roba da ba su san ƙishirwa ba.

Manajan, Kolby Haugen, sa'an autana ne.
"Shekara ashirin da shida a masana'antar takarda,
me ya kawo ki nan?"
Na ce, "An garƙame ƙofa ina waje."

"Dala goma sha huɗu a awa. Asabar da Lahadi fa?"
Na ce ranaku duk sun zama ɗaya a gidana.

"Ina kike hango kanki nan da shekara biyar?"
Ban amsa ba. Idona na kan maɓallin rigarsa
da ke reto da zare guda
kamar haƙorin yaro mai famfara.

Na zaro allura daga jakata.
"Tsaya cak, kada in soke ka."
Ya tsaya, har da riƙe numfashi.
Na ciji zaren.

Ya ce za su kira kafin Juma'a.
Juma'a biyu sun wuce.
Maɓallin dai, na tabbata,
kullum yana zuwa aiki.