Fiffiken Hagu

Burodin ƙarshe ya fita da ƙarfe goma.
Malam Barau ya kwashe garwashi da dogon shebur,
ya zura hannu cikin tanderu yana ƙirga a zuci,
ya janye a kan bakwai.
"Da saura," ya ce. "Wannan zafin na burodi ne.
Naka sai wuta ta huce."

Muka zauna jira, ni da talo-talon,
shi a tire, ni a kan buhun fulawa.
Wata biyar ina ba shi dusa da kwantan tuwo,
yana korar Habila har bakin rijiya,
yana baza wutsiya kamar shi ke biyan haya.
Yau ga shi tik, ƙafafu ɗaure da zaren buhu,
ciki dam da albasa da lemun tsami,
citta, masoro, kanumfari uku kacal,
don Baba ya ce na huɗu rigima yake jawowa.

Aikin Baba ne wannan.
Shekara talatin yana kuku a gidajen malaman Samaru,
yana gasa wa wasu abin da bai san ɗanɗanonsa ba.
Da ya aje aiki ya fara sayen nasa.
Bana babu shi.
Bai bar mini takarda ba, sai magana ɗaya:
kada ka buɗe.

Sha ɗaya da rabi ƙirgen ya kai ashirin.
Muka tura tiren can ƙurya,
aka jingina marfi, aka liƙe gefensa da laka.
Malam Barau ya bar mini fitila da tabarma.

A majami'a ana ta gwajin waƙar gobe.
Muryar Goggo Damaris ta danne ta kowa,
ita ce kuma ta saki hanya.
Can suka watse.
Wusasa ta yi tsit,
Kufena ya tsaya baƙi ƙirin kamar mai gadi.

Ƙarfe biyu ƙamshi ya sami tsaga,
ya zuro kai siriri.
Karnuka uku suka zo suka jeru
kamar masu jiran albashi.

Ƙarfe uku na iske kaina a tsaye,
yatsuna a kan laka.
In ya ƙone fa?
In ɗanye ne har ƙashi, mutum goma sha tara na jira?
Sai na tuna zaman Baba a wannan wuri,
tafukansa biyu danne ƙarƙashin cinya.
Ina yaro na ɗauka sanyi yake ji.
Na koma kan buhu
na zauna a kan nawa.

Bayan assalatu Malam Barau ya dawo da carbi a hannu.
Ya ƙwanƙwasa laka, ta zube.
Tururi ya fara fitowa, sannan shi:
ja kamar ƙasar ganuwa,
mai na tsiyaya, cinya na neman rabuwa da jiki.
Amma fiffiken hagu ya zama gawayi.

Na yi salati irin namu, shi ya yi dariya.
"Tanderun nan ya fi cin hagu.
Na babanka ma haka yake fita.
Nan muke cinye shi, ni da shi,
kafin ya kai gida."

Shekara nawa Baba yana gaya mana
talo-talon Kirsimeti fiffike ɗaya gare shi!

Muka kankare baƙin da wuƙar burodi,
muka raba abin da ya saura, yana ƙona baki.
Cinya ɗaya tasa ce, shi ya yanka tun jiya.
Na ɗora tiren a ka, karnuka na rakiya,
ƙararrawar farko na tashi.

A ƙofar gida Habila ya ɗaga marfi,
ya ƙirga, ya dube ni.
Na gaya masa abin da aka gaya mini.