Kofin Ruwa a Kan Bonet

A Hermosillo, cikin watan Yuli,
rana ba fitowa take ba, faɗowa take yi.
Kwalta kan yi laushi ta kama takalmi.

Ni Eleuterio, shekara goma sha tara ina jan tasi.
Ran Talata, a danjar bakin kasuwa,
na taka burki, na murɗa sanyi,
sai sitiyari ya kama ɓari a hannuna
kamar mai masassara.
Madubi na rawa, makullai na kaɗawa,
kwabbai a aljihun ƙofa suna ta surutu.
Fasinja ta rungume kwandon lemonta,
ta ce, "Direba, ƙasa ce ke girgiza?"
Na kashe sanyi. Tsit.
Muka isa a jiƙe sharkaf, ni da ita da lemo.

Na ce a raina kwampiresa ce.
Na kwana ina lissafi da yatsu,
yatsu suka ƙare, kuɗin bai cika ba.

Garejin Griselda Bojórquez na bayan layin dogo.
Ba ta taɓa sifana ba tukuna.
Kofin ruwa ta cika, ta ɗora a kan bonet.
"Tayar." Ruwa na kwance, yana kallon sama.
"Kunna sanyi." Ya fara makyarkyata.
"Sa giya, danne burki." Ya fantsalo.
"Ba ta wuta kaɗan."
Ya lafa, kamar yaron da aka goya.

Ta ce, "A tsaye take yi, ba a guje ba,
to ka sallami tayoyi, ba ruwansu."
Ta buɗe bonet, ta haska fambel da tocila,
babu tsagu, babu sheƙi, bai saki ba.
Ta ɗauko dogon sukudireba,
baki a kan kwampiresa, ƙota a kunnenta,
ta rufe ido tana saurare
kamar mai jin gulmar maƙwabta ta bango.
"Wannan ƙalau take. Ka bar zarginta."

Fulogi huɗu ta jera a kan tsumma,
uku ruwan toka, ɗaya baƙi ƙirin.
Ta leƙa maƙogwaron totur,
dauɗa ta toshe shi rabi, silo ya yi ƙasa.
Ta wanke, ta canza. Kofi ya rage tsalle,
amma bai daina ba.

Sai ta sa jak da guntun katako,
ta ɗaga inji tsawon ɗan yatsa,
ta kira ni, na durƙusa.
Robar da inji ke zaune a kanta
ta tsage biyu, bakinta a buɗe,
ƙarfe na sumbatar ƙarfe.

"Ba yau ba ne," in ji ta, "ba bara ba.
Sanyi bai fasa komai ba, kaya ya ƙara.
Ba a gane mai ɗingishi a zaune,
sai an aza masa tulu."

La'asar ta yi kafin ta ɗaure noti na ƙarshe.
Na tayar, na kunna, na sa giya.
Ruwa bai ko motsa ba.
Ta miƙo mini kofin, ta ce in sha.
Tsakanin hannunta da bakina
rabi ya zube a rigata.

Ta dubi yatsuna, ta daɗe.
"Yara nawa ne a gidan yanzu?"
Na ce bakwai, har da na Fulgencio,
tun da muka binne shi a watan Maris.
Ta goge hannu da tsumma.
"Wannan ba ni da sifanarsa," ta ce,
ta soke kuɗin aiki daga takarda,
ta bar na roba da fulogi.

Yanzu a danja nakan murɗa sanyi har ƙarshe.
Kwabbai sun yi shiru, madubi ya tsaya.
Nakan riƙe sitiyari da hannu biyu
har kore ya kama.