Faranti a Rufin Tabawa

Ranar da Tabawa ta ɗora farantin sola a Gwammaja,
majalisa ta samu abin taunawa.

Malam Ɗan'asabe ya ce yana jawo tsawa.
Ilu mai shayi ya ce bari damina ta zo,
hadari ɗaya, sai aci-bal-bal.

Agusta ta zo, sama a murtuke kwana uku.
Taransifoma ta yi bindiga tun Yuli.
Layi duk duhu,
sai taga ɗaya.

Yanzu da magariba
wayoyi sha ɗaya ke kwance a tabarmarta,
har da wata mai tsagaggen gilashi
da jikan Malam ya kawo,
wai kar a faɗi mai ita.