Daƙiƙa Bakwai

A kasuwar Recife, gefen masu kifi,
Zuleide na juya wainar rogo,
mijinta ya miƙo hannu, wai su taka rawa.
Ta daka masa tsawa: "Ba yau ba, Valdemar!"
Ya ƙyalƙyale da dariya.
Jikansu na riƙe da waya.

Daƙiƙa bakwai ne duka.
Kafin Lahadi an datse uku.

Aka ɗora muryar kan kyanwa mai ƙin wanka,
kan golan da ya kaɗe fanareti,
kan ɗan haya da ya hango mai gida.
Wani yaro a Belém ya sa mata ganga,
ya daddatsa ta: ba-ba-ba yau ba!
Aka matse ta, ta koma ta ɓera,
aka ja ta, ta yi kauri kamar ta bijimi.
Magana zarar bunu:
har waɗanda ba su jin yaren
suna motsa baki a kanta.

Valdemar ya rasu cikin ruwan Yuni.

Yanzu a bas, in wayar wani ta yi ƙara,
muryarta ce ke hana shi rawa,
sau biyu kafin a kai gada.
Fasinjoji su yi dariya.
Ita ta gyara jakarta a cinya.

Da dare ta ce wa jikan:
"Nemo min ta farkon,
wadda ba a yanke ba.
Yana dariya a ƙarshenta."

Waccan wayar tuni ta faɗa ruwa.
Yaron ya yi ta jan allo da babban yatsa.
Dubu arba'in, in ji shi,
kuma duk a kan sunan suke tsayawa.