Hoton Masana'antar Kifi, Matosinhos

A bayan hoton an rubuta:
"Mai gida da ma'aikatansa."
Shi kaɗai ke da suna.
Mata goma sha tara tsaye da farin ɗankwali,
hannuwa a ɓoye, don kada a ga kaushi.

Iolanda ta zaro shi daga akwati na arba'in,
ta hau bene uku zuwa ɗakin Deolinda,
ta ajiye rikoda kusa da kofin gahawa.

Tsohuwar ba ta nemi tabarau ba.
Ta aza yatsan da wuƙa ta rage wa tsawo:

"Belmira ke nan. Sai ta fille kan sardin goma
kafin ki gama hamma.
Gracinda, ta haihu Talata, ta dawo Alhamis,
jariri a kwandon kifi ƙarƙashin benci.
Wannan mai hararar ita ta fara ajiye wuƙa
shekarar da aka zaftare mana lada.
Sunanta... dakata."

Jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.

"Gishiri ya cinye shi, yadda ya cinye mana farce.
Rubuta mai harara. Kar ki bar gurbin fili."

"Ke fa, ina kike?"
Ta yi dariya har da tari.
"Ga gwiwar hannuna nan a gefe.
Mai hoto ya ce na cika motsi."

Da yamma Iolanda ta cike kati:
suna goma sha takwas, harara ɗaya,
gwiwar hannu ɗaya.

Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara.
"Ermelinda! Ermelinda ce.
Tashi ki rubuta
kafin gari ya waye ya ƙwace mini."