Tazarar Silin Gashi

Kan jirgin bai fi tafin hannuna ba.
Ƙasimu ne ya tsinto shi a Panteka,
cikin kwandon matattun rediyo da kawunan fanka,
ya dire min a kan benci, ya ce,
"Baba, shekara talatin ka yi a loko,
ga jikan waɗanda ka yi wa hidima, duba shi."

Na ɗora shi a kan dogonsa, na ba shi wuta.
Ya yi gurnani, ya girgiza, ya ja taku biyu,
sai ƙarrr, kamar mai tauna tsakuwa a shinkafa,
ya tsaya yana ɗumi.

Na san wannan kukan.
Na ji shi a bakin manya, can bayan tashar Kaduna,
lokacin da gemuna bai san furfura ba,
sifana ɗaya sai ƙarti biyu sun kama.
Yau kayan aikina sukurdireban mai gyaran agogo,
matsefatar cire ƙaya, tabarau mai ɗaurin zare,
da murfin kwalba, ma'ajiyar sukurori huɗu
waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa, sai dai a yi masa addu'a.

Na buɗe cikinsa.
Haƙora lafiya lau, na ƙirga sau biyu, babu giɓi.
Ashe ba karaya ba ce.
Sandar injin ce ta ɗan goce daga mazauninta,
giyar sama tana cizon ta ƙasa a gefen baki,
irin gaisuwar maƙwabtan da suka yi shari'ar katanga,
hannu ya taɓa hannu, ido yana wani wuri.

Na yanko leɓen gwangwanin madara,
na daddale shi da gindin cokali,
na cusa ƙarƙashin mazaunin, na ɗaure tamau.
Sai ya ƙi motsi sam.
Ya yi tsit, yana ƙauri.
Da marigayi Oga Bitrus yana nan, da na sha ranƙwashi.
Shi ke cewa, "Yaro, ƙarfe ma yana son numfashi,
in ka toshe hanyar mai, ka haɗa su faɗa."

Ana haka aka ɗauke wuta.
Lantana, 'yar Ƙasimu, ta riƙe min fitilar waya,
hasken yana yawo daga jirgin zuwa hancina.
Na ce, "Tsaya wuri ɗaya."
Ta ce, "Kaka, hannunka ne ke rawa."
Ban musa ba.

Na kwance, na rage, na sake goge mazauni.
Na zura siririyar takarda tsakanin haƙoran,
na ɗaure a hankali,
rabin juyi a wannan kusurwa, rabi a waccan,
in koma, in saurara da yatsa.
Da na zare takardar,
abin da ta bari a wurin, wanda ido ba ya gani,
shi ne duk aikin yinin nan.
Ɗigon man keken ɗinki a bakin allura.
Na mayar da murfi.

Sai bayan Magariba wuta ta dawo,
Kakuri ta ɗauki ihun yara.
Na murɗa.
Ya tashi kamar bai taɓa ciwo ba,
sululu, yana ƙus-ƙus a kan mahaɗar dogo,
ya zagaye kofin shayina da carbi.

Lantana ta kwantar da haɓa a kan benci.
"Ina za shi?"
Na ce, "Kafancan."
Kafin in rufe baki ya iso gabanmu.
"Har ya dawo?"
Na yi dariya, ta leƙa bakina, ta ƙirga da yatsa,
ta ce, "Kaka, kai taka giyar saura haƙori shida."

Na ce ta riƙe fitilar da kyau gobe,
akwai tarago ɗaya da ƙafarsa ke ɗingishi.