Ma'aunin Madara

Ƙarfe biyar na asuba nake buɗe ɗakin tara madara
a ƙauyenmu na Gujarat, bayan tashar bas,
kafin ɗawisu ya sauko daga rufin makaranta.
Mata na layi da tulunan ƙarfe a ka.
Aikina guda ne:
in ɗebi kaɗan, in ba na'ura, in rubuta abin da ta ce.
Na'ura ba ta da dangi.

Ran Talata ta ce da ruwa a ciki.
Na sake aunawa, ta maimaita.
Na ɗaga kai, sai ga Dahiben, ƙanwar mahaifiyata,
wadda ta goya ni shekarar da rijiyoyi suka ƙafe,
wadda lambarta bakwai a littafin ƙungiya,
cikin mutum goma sha ɗaya da suka haɗa rupi goma-goma
tun ana awo da hasken fitilar ƙwai.

Ba ta ce uffan ba. Ta ja gefen mayafinta.
Na san ɓaunarta ta kwana huɗu ba ta tuƙa ba,
na san kuɗin makarantar jikarta ya zo mata wuya.
Na kuma san tankin da ke bayana:
lita ɗari takwas, gumin gida ɗari da sittin,
in motar masana'anta ta ƙi shi, ta ƙi mu duka.
Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na miƙa mata tulunta.
Na rubuta, alƙalami na rawa.

Taron wata ya zo, gindin darbejiya.
Bhikhabhai mai ɓauna arba'in ya miƙe,
ya ce a soke sunanta,
ya ce shi ke cika kwatan tankin nan.
Kokilaben, wadda muka zaɓa bara, ta ce:
"Kana cikawa, ba musu,
kuma rarar ƙarshen shekara za ta bi yawan litocinka.
Amma a inuwar nan hannunka ɗaya ne,
daidai da na mai ɓauna guda."

Aka ƙirga. Kora ta faɗi.
Aka kawo batun tara,
hannun da ya riga kowa tashi
na Dahiben ne, siririn nan mai awarwaro biyu.
Ta ce: "Da babban yatsana na dangwala wa dokar nan tawada,
lokacin ban san baƙi ba.
Yau ba zan ce ban san ta ba."

Wata yarinya da ta shigo ƙungiya watan jiya
ta tambaya daga baya:
"To ina asusun gaggawa?
Me ya hana ki buɗe baki?"
Tsohuwa ta dubi ƙasa. Ta ce kunya.
Shekara talatin tana zuba masa sisi-sisi,
ba ta taɓa jin cewa nata ne ba.
Mu ma da muke maƙwabta
mun ji ɓaunar na nishi cikin dare,
muka juya kwanciya.
Wannan ba a rubuta mana tararsa ba.

Likitan dabbobi ya zo da babur washegari.
Aka biya shi daga asusun, da rasit,
aka manna a allo kowa ya gani.

Kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba.
A na goma ta shigo layi, ta ƙarshe,
da madarar da ba ta kai lita biyu ba.
Ta dire tulun a gabana ta ce, "Auna."
Na auna.
Maiƙo ya yi kauri har yana kama cokali.
Na juye a tanki, ta ɓace cikin ta kowa.

Ta tsaya sai da ta ga na rubuta,
sannan ta ce gashina ya yi buzu-buzu,
in biyo da yamma ta shafa mini man kwakwa.